Zirga-zirgar jirage a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano

Filin Jirgin Sama na Ƙasa da Ƙasa na Malam Aminu Kano shi ne filin jirgi mafi daɗewa a Najeriya, kuma shi ne babbar mashigar jiragen ƙetare a arewa maso yammacin ƙasar. Yana arewacin birnin Kano, a tudun da ya kai kimanin mita 476 sama da teku. A jikin tikiti ana rubuta shi da KAN, matuƙa jirgi kuma sun san shi da DNKN. An raɗa masa sunan ɗan siyasar nan Malam Aminu Kano (1920–1983), jagoran jam'iyyun NEPU da PRP. Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, wato FAAN, ita ke gudanar da shi.

Ba Kanawa kaɗai ke amfani da filin ba. Mutanen Jigawa, da na kudancin Katsina kamar Malumfashi, Karfi, Kafur, Bakori da Funtua, har da 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, da yawansu nan suke zuwa idan tafiyar waje ta kama su. Shekara da shekaru ana muhawara a kan dalilin da ya sa filin da ya taɓa zama zangon manyan jiragen Turai ya koma bayan Legas da Abuja, da kuma ko zai iya sake zama mahaɗar jirage.

Ma'anar mahaɗa

A harkar sufurin sama, mahaɗa ita ce filin da fasinja ke sauka ba don nan ya nufa ba, sai don ya sauya jirgi ya wuce. Kamfanin da ya mayar da filin gidansa yakan tsara jiragensa su iso daga garuruwa da yawa kusan lokaci ɗaya, a yi musayar fasinjoji da jakunkuna cikin awa ɗaya zuwa uku, sannan su sake watsuwa. Ta haka ne garin da ba zai iya cika jirgi zuwa Landan shi kaɗai ba yake samun hanyar Landan, domin an haɗa mutanensa da na wasu garuruwa ashirin.

Haka Emirates yake yi a Dubai, inda fasinjoji sama da miliyan 92 suka bi ta filin a 2024. Haka Qatar Airways yake yi a Doha, Turkish Airlines a Istanbul, Ethiopian Airlines a Adis Ababa. Misalin da ya fi kusa shi ne Lome. Togo ƙaramar ƙasa ce, al'ummarta ba su kai na jihar Kano ba, amma tun da kamfanin ASKY ya fara shawagi a 2010 tare da haɗin gwiwar Ethiopian, Lome ta zama wurin da matafiyan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ke sauya jirgi. Yawan jama'a bai yi wa Lome wannan aikin ba, kamfanin da ke kwana a can ne ya yi.

Idan aka auna da wannan ma'auni, Kano a yau mashiga ce. Kusan duk wanda ya hau jirgi a nan daga nan tafiyarsa ta sama ta fara, wanda ya sauka kuma mota zai nema. Najeriya gaba ɗaya ma ba ta da mahaɗa ta sosai: fasinjojin da ke bi ta dukkan filayenta a shekara suna kaiwa da komowa ne tsakanin miliyan 15 zuwa 17 a 'yan shekarun nan, mafi yawansu na cikin gida, kuma Legas ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka na masu fita waje.

Zamanin da Kano take zango

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar fasinja da wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, ta El Fasher da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da Maiduguri, kafin a miƙa ta zuwa Legas cikin shekarar. Wannan kusan ita ce hanyar da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi a ƙasa, da ƙafa ko a kan jaki da raƙumi, wasu su yi shekaru kafin su ga Bahar Maliya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa filin daraja. Daga 1940 Turawan Ingila suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum har Masar. Dubban jirage sun bi wannan layi, Kano kuwa tana cikin manyan wuraren shan mai da gyara.

Bayan yaƙi sai jiragen fasinja suka gaji hanyar. Jirgi mai farfela na wancan lokaci ba ya iya tasowa daga Turai ya ratsa Sahara ya wuce kai tsaye zuwa Kwango ko Afirka ta Kudu ba tare da ya sha mai ba, Kano kuma ita ce babban gari na farko bayan hamada. BOAC na Ingila, Sabena na Beljiyam da KLM na Holan duk sun mayar da ita zango. KLM ya fara zuwa a 1947. A daidai wannan lokaci ne attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda ya fara da motoci kafin ya koma jirage. Sunansa ne ya bi kasuwar 'yan canji ta Wapa da ke Fagge har yau.

Abin lura shi ne tankin mai ne ya kawo waɗannan jirage Kano, ba kasuwar Kano ba. Kamar dai rijiyar da ayarin fatake ke yada zango a gefenta: ranar da aka samu raƙumin da ba ya jin ƙishirwa, madugu ba zai tsaya ba. Hakan kuwa aka yi. Da jirage masu injin jet irin su Boeing 707 da DC-8, daga baya kuma Boeing 747, suka shigo daga shekarun 1960, tsayawa shan mai ta zama ɓata lokaci. Sai kuma wasu abubuwa suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara durƙushewa tun daga tsakiyar shekarun 1980, wanda ya rage Turawa da 'yan kasuwar da ke sayen tikiti mai tsada. A Disamba 1991 aka mayar da fadar gwamnati Abuja, ofisoshin jakadanci suka bi ta, kamfanonin jirage suka bi su. Nigeria Airways, wanda yake ratsa wasu jiragensa na Turai da Saudiyya ta Kano, ya mutu a 2003. A Yuni 2012, 'yan watanni bayan hare-haren 20 ga Janairu a birnin, KLM ya janye bayan shekara 65. Shi ne kamfanin Tarayyar Turai na ƙarshe da ke zuwa Kano.

Yadda filin yake aiki

Filin yana da titin jirgi biyu. Babban, mai lamba 06/24, tsawonsa kimanin mita 3,300, shi ne na jiragen fasinja da na kaya, kuma yana ɗaukar manyan jirage har da Boeing 747 da aka daɗe ana jigilar alhazai da shi. Ƙaramin, 05/23, bai kai mita 2,500 ba, rundunar sojan sama da ke da sansani a gefen filin ce ta fi amfani da shi. Ke nan a aikace titi ɗaya ne ke ɗauke da manyan jirage. Idan jirgi ya lalace a kansa, sai a karkatar da masu zuwa wani wuri har a janye shi.

Hukumomi da yawa ne ke aiki a ciki. FAAN na kula da gine-gine, titi, 'yan kwana-kwana da binciken fasinja. NAMA ke riƙe da hasumiya da na'urorin jagorar jirage. NCAA ke sa ido kan kamfanoni da lasisin matuƙa, NiMet kuma na ba da bayanin yanayi. Ɗaukar jakunkuna da tura jirgi da kawo matakala aikin kamfanoni ne irin su NAHCO da SAHCO. Ga kuma jami'an shige da fice, kwastan, hukumar NDLEA da ma'aikatan lafiya.

Akwai wata daraja da ta rage wa Kano daga wancan zamani wadda fasinja ba ya gani. A taswirar matuƙa ta duniya, sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya sunan Kano yake amsawa, domin ana kiransa yankin bayanan jirage na Kano. Cibiya biyu ke kula da shi, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. Jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa kudancin Afirka har yanzu da yawansu suna ratsa wannan sarari, su yi magana da masu kula da zirga-zirga a Kano, kamfanoninsu su biya kuɗin ratsawa. Hanyar tana nan. Sauka ce aka daina.

Yanayi ma yana da nasa hukuncin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rage nisan da matuƙi ke iya gani, wani lokaci zuwa 'yan ɗaruruwan mitoci, sai a jinkirta tashi ko a soke shi. A bazara kuma, idan zafi ya haura digiri 40, iska takan yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar tazara kafin ya ɗaga, don haka akan rage masa nauyi. Da damina ga hadari mai saukar da iska farat ɗaya. Manyan haɗurran da aka yi a filin sun faru ne a irin waɗannan lokuta. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi cikin hadari, mutum 32 suka mutu. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya don dawo da alhazai daga Jidda, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 daga cikin 202 suka rasu. Da ma Legas ya nufa, rashin kyawun yanayi a can ya sa aka juyo da shi. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya zarce ƙarshen titi wajen tashi da tsakar rana, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, sama da mutum 100 suka rasa rayukansu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Wannan na ƙarshe ya nuna wata matsala da ba ta gushe ba: birni ya zagaye filin, unguwanni sun cika ƙarƙashin hanyar tashi da sauka.

Ina jiragen suke zuwa

Wanda ya duba jadawalin jiragen ƙetare na Kano zai ga kusan duk gabas suka fuskanta: Jidda, Madina, Alƙahira, Adis Ababa, Doha. Saudia da flynas, EgyptAir da Ethiopian su ne sunayen da aka saba gani, Qatar Airways kuma ya shigo a Maris 2022 da jirgin da ke haɗa Kano da Abuja. A da, Middle East Airlines na zuwa daga Bairut saboda tsofaffin iyalan Labanan da ke zaune a birnin, kamfanonin Sudan kuma na zuwa daga Hartum kafin yaƙin da ya ɓarke can a Afrilu 2023.

Matafiyan iri huɗu ne a taƙaice, amma ba su yi daidai da juna a yawa ba. Mafi rinjaye masu ibada ne, Hajji da Umara. Sai 'yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da ke zuwa saro kaya a Dubai, Guangzhou ko Alƙahira. Sai marasa lafiya da ke neman magani a Masar da Indiya, da ɗalibai. Wannan kasuwa tana da girma, sai dai ta lokaci-lokaci ce. A Ramadan da watannin Hajji filin kan cika har a rasa wurin zama, bayan Sallah kuma ya yi tsit. Sannan kasuwa ce ta kujerun baya. Kamfanonin nesa ribarsu ta fi fitowa daga kujerun gaba da ma'aikatan kamfanonin mai da jami'an gwamnati da na jakadanci ke saye, waɗannan kuwa Legas da Abuja suke.

Aikin Hajji shi ne ya rayar da kamfanonin jirage na arewa. Kabo Air, wanda Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, ya yi suna da jiragensa ƙirar 747 kafin ya daina shawagi. Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, ɗan Katsina, da Azman Air na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina duk Kano suka mayar cibiyar aikinsu, Rano Air ya biyo su a 2023. Amma jigilar alhazai haya ce ta makonni, ba jadawalin kullum ba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke da yawan jiragen da zai tattaro fasinjojin Yamai, Njamena, Garwa da Sakkwato ya haɗa su a Kano kowace safiya. Ita kanta jigilar an rarraba ta: Katsina, Sakkwato, Kaduna, Dutse, Birnin Kebbi, Gombe, Bauchi da sauransu duk suna tashin maniyyatansu daga filayensu ƙarƙashin tsarin hukumar NAHCON. Kuɗin kujera kuma ya tashi daga ƙasa da naira miliyan 3 a 2023 zuwa sama da miliyan 8 a 2025, sakamakon faɗuwar naira, har ya zama kujeru 95,000 da Saudiyya ta ware wa Najeriya a lokacin ba su cika ba. Rufe sararin samaniyar Sudan ya ƙara dagula lissafi, domin miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Jidda ta kan Sudan take bi. Zagaye yana nufin ƙarin lokaci da ƙarin mai, kuma a 2023 kamfanonin jigila sun nemi ƙarin kuɗi saboda haka.

Matafiyin kudancin Katsina

Ga mutumin Karfi a ƙaramar hukumar Malumfashi, birnin Kano ya fi birnin Katsina kusa. Hanyarsa ita ce Malumfashi zuwa Dayi, Gwarzo, sannan Kano. Idan Hajji zai tafi ta hukumar alhazai ta jiha, Filin Jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina za a kai shi. Idan kuwa Umara ce, ko asibiti, ko karatu, ko fatauci, Kano ce. Mutanen Funtua suna da zaɓin Kaduna, amma filin Kaduna ba shi da jiragen ƙetare na kullum. Ko a 2017, da aka rufe titin jirgin Abuja na mako shida aka mayar da zirga-zirga can, Ethiopian ne kaɗai cikin manyan kamfanonin waje ya yarda ya sauka.

A wajen irin wannan matafiyi, lokacin tashin jirgi ya fi kyawun gini muhimmanci. Jirgin ƙetare yana so a iso awa uku kafin tashi. Hare-haren 'yan bindiga a yankin Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari sun sa mutane da yawa ba sa kama hanya da asuba ko bayan magariba, don haka jirgin safe ko wanda ya sauka da dare yana nufin kwana a Kano, da kuɗin masauki ko nauyi a kan ɗan'uwa. Lokacin kuma ba a Kano ake yanke shi ba. Jiragen Ethiopian daga Afirka ta Yamma kan tashi da rana ne don su isa Adis Ababa da dare, daidai lokacin da jiragen Asiya ke shirin tashi. Kano reshe ce a jadawalin wasu, ita ke bin agogonsu.

Idan kuma jirgin ba kullum yake zuwa ba, wanda ya rasa na yau sai ya jira kwana biyu ko ya nufi Abuja. An ga tsananin hakan lokacin korona. An rufe Kano ga jiragen waje a Maris 2020. Legas da Abuja sun sake buɗewa ranar 5 ga Satumba na shekarar, Kano kuwa sai Afrilu 2021. Wata bakwai duk mai fita waje daga arewa maso yamma sai ya sayi tikiti biyu, ko ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja a lokacin da ta fi kowace hanya suna wajen garkuwa da mutane. 'Yan kasuwar Kano da 'yan majalisa sun yi ta ƙorafi, ga shi ministan sufurin sama na lokacin, Hadi Sirika, ɗan jihar Katsina ne.

Batun kaya

Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da filin sai an ambaci fitar da amfanin gona. A nan akwai buƙatar a rarrabe. Abin da yankin Funtua da Malumfashi ya fi nomawa, wato masara, dawa, waken suya, auduga da shinkafa, ba kayan jirgin sama ba ne. Kuɗin ɗaukar kilo ɗaya a jirgi ya ninka kuɗin kilon masara sau da yawa. Haka riɗi da zoɓo da citta da ake tarawa a kasuwar Dawanau: kwantena suke shiga su bi teku. Abin da zai taimaki waɗannan shi ne tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Janairu 2023, da ta Funtua da aka buɗe a Mayu 2024, da layin dogo mai aiki zuwa Legas.

Abin da ke hawa jirgi shi ne mai tsada, mara nauyi, ko mai saurin lalacewa: ɗanyen barkono da kayan lambu, nama, fatar da aka jeme, magunguna. Manoman rani na bakin madatsun ruwa da masu kiwo suna da abin sayarwa, kasuwannin Saudiyya da ƙasashen Larabawa kuma 'yan awoyi ne daga Kano. Amma kafin attaruhu ya hau jirgi sai an samu motar sanyi daga gona, ɗakin sanyi a filin jirgi da wutar da ba ta ɗaukewa, da takardar shaidar cewa babu ragowar maganin ƙwari fiye da ƙima. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin da ake zuba masa a rumbu. Wannan matsala a gona da sito take farawa, tsawon titin jirgi ba ya maganinta. A halin yanzu kayan da ke sauka a Kano, irin su wayoyi, yadi da kayan gyara, sun fi waɗanda ke tashi, jirgin da zai koma fanko kuwa dole ya ɗora kuɗin komawarsa a kan mai shigo da kaya.

Sabon gini da batun jingina

A 2013 gwamnatin tarayya ta karɓi rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin don gina sababbin ɓangarorin jiragen ƙetare a Abuja, Legas, Fatakwal da Kano, kamfanin CCECC ya yi aikin. Na Kano ya ɗauki shekaru fiye da yadda aka tsara, amma yanzu yana aiki, kuma ya kawar da cunkoson tsohon zaure. Sai dai gini ba ya kawo jirgi. Kamfanin waje yana duba abu uku kafin ya ƙara sawu: ko kujerun za su cika duk shekara, nawa man jirgi da harajin sauka za su ci, da ko zai iya fitar da kuɗin tikitinsa da dala. A 2023 kuɗaɗen kamfanonin waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800 bisa lissafin ƙungiyar IATA, har Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar daga ƙarshen 2022 zuwa Oktoba 2024. Idan kamfani zai rage sawu a irin wannan hali, ƙananan tashoshi yake fara yankewa.

A Mayu 2023, kwanaki kaɗan kafin gwamnatin Muhammadu Buhari ta sauka, majalisar zartarwa ta amince a jinginar da filayen Abuja da Kano ga wata gamayya ƙarƙashin Corporación América Airports, Abuja na shekara 20, Kano na shekara 30. Kuɗin kafin alƙalami da aka bayyana shi ne dala miliyan 7 na Abuja da miliyan 1.5 na Kano. Ƙungiyoyin ma'aikata da wasu 'yan majalisa sun ce an yi arha da dukiyar ƙasa, musamman ganin ana bin bashin ginin. Sabon minista, Festus Keyamo, ya dakatar da shirin cikin shekarar, tare da na kamfanin Nigeria Air da aka so a kafa da Ethiopian. Ko ba komai, tazarar da ke tsakanin miliyan 7 da miliyan 1.5 ta nuna yadda masu zuba jari suka auna kasuwannin biyu.

A arewa akwai masu ganin da gangan ake danne Kano, suna kafa hujja da jinkirin buɗewa bayan korona da kuma mayar da hedikwatar FAAN Legas a farkon 2024. Ƙorafin yana da tushe ta fuskar cewa gwamnati ce ke ba kamfanonin waje izinin garuruwan da za su sauka ta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, don haka tana da hannu a rabon. Amma kamfanonin cikin gida su kuma kukansu akasin haka ne: sun ce barin baƙi su sauka a garuruwa huɗu ko biyar yana ƙwace musu fasinjan da da zai hau jirginsu daga Kano zuwa Legas. Buƙatar matafiyin Malumfashi da ta mai kamfanin jirgi na gida sun yi hannun riga a nan, duk da cewa mai kamfanin ma wataƙila ɗan jiharsu ne.

Damar da ta fi kusa da hannu ita ce ta maƙwabta. Maraɗi da Damagaram sun fi kusa da Kano a kan Yamai nesa ba kusa ba, kuma layin dogo na kilomita 284 daga Kano ta Katsina zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, zai iya kawo wa filin fasinjojin da ba sai sun zo ta sama ba. Wannan ya dogara da zaman lafiya tsakanin gwamnatocin biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an rufe iyaka da zirga-zirgar jirage tsakanin ƙasashen na tsawon watanni, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024.